Maigidana yana minshari har numfashinsa ya ɗauke, dan Allah ciwo ne ko gajiya?

Maman Walida:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan maigidana dan abin ya fara bani tsoro wallahi. Direban tirela ne, Kano zuwa Legas yake yi, shekarunsa sun ɗan haura 45. Minshari dai tun da aka kawo ni gidan na same shi da shi kuma na saba, har tsokanarsa nake yi, amma daga bara zuwa bana abin ya canza salo, ya ƙara ƙiba sosai ga tumbi ga wuya har maɓallin wuyan rigarsa baya rufuwa, toh yanzu idan yana minsharin sai kawai kuji ɗif, shiru, ƙirjinsa yana motsi kamar yana kokawa amma babu iskar da ke fita, ni kuma ina zaune ina kallo gabana yana faɗuwa, can sai ya zabura da wani irin ƙara kamar wanda aka shaƙe sannan ya cigaba da minsharinsa. Haka zai ta yi har asuba. Da safe in na faɗa masa sai yace shi bai san anyi ba, wai ni ce bana barci nake sa masa ido.

Ga yawan tashi fitsari da dare, ga ciwon kai da safe, bakinsa a bushe. Da rana kuwa ko hira ake yi da shi sai kuga yana gyangyaɗi, ranar Juma'a yaransa sunce tun liman bai yi nisa da huɗuba ba ya tafi. Yana da hawan jini, magani kala uku yake sha amma duk awon da za'ayi yana sama. Abin da yasa na kasa haƙuri na rubuto shine yaron motarsa ya faɗa wa ƙanina cewa a tafiyar da suka yi kwanan nan tsakanin Mokwa da Jebba sai da motar ta fara sauka daga kwalta, ihun yaron ne ya farkar da shi.

Hajiyarsu tace dannau ne a nemi tofi, ƙanin babansa kuma yace beli ne ya yi tsawo a kira wanzami ya cire. Shi kuma da kansa yaje kemis yace baya samun barci mai daɗi aka bashi wasu ƙananan ƙwayoyi, tun da ya fara sha ni dai gani nake shirun nan ya ƙara tsawo. Dan Allah wanda ya san wani abu akai ya taimaka min, kuma wane irin likita ake gani?

Ɗan Kurmi:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bashi lafiya. Ni dai inaga gajiya ce kawai, kin san aikin babbar mota ba wasa bane, mutum ya kwana ya wuni akan sitiyari dole in ya samu katifa yayi minshari. Ai ance mai minshari shi ke cin ribar barci. A barshi ya huta sosai in ya dawo, a hanya kuma ya riƙe goro da shayi mai kauri. Maganar dannau kuma ba ƙarya bace dan ni yana min, sai in farka ina jin komai ina ganin ɗakin amma ko yatsa na kasa ɗagawa, kamar an ɗora min buhu a ƙirji, in yi ta son in yi salati bakina yaƙi buɗuwa. Ku dage da azkar ɗin kwanciya.

Likitan Ƙirji:

Maman Walida sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika sa ido dan masu wannan matsalar kusan kullum matansu ne ke kawo su asibiti, su basu san abin da ke faruwa da su ba. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba sai an auna shi, amma duk abin da kika lissafo ya tafi daidai da ciwon toshewar numfashi cikin barci. Malam Ɗan Kurmi kayi haƙuri, wannan ba ribar barci bace, mutumin nan kusan baya samun barcin kirki ne gaba ɗaya.

Ga yadda abin yake. Idan mutum yayi barci naman jikinsa yana saki, har da harshe da ganɗa da naman bangon maƙogwaro. In hanyar iskar dama ta matse saboda kitsen wuya ko girman harshe ko ƙaramar haɓa, sai iska ta riƙa kaɗa naman nan tana wucewa da ƙyar, wannan shine minshari. In ya ƙara saki sai hanyar ta rufe ruf, kamar tiyo mai laushi da aka zuƙa da ƙarfi ya manne. Ƙirji yana ta ja amma babu abin da ke shiga, shine kokawar da kike gani. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na 'yan daƙiƙu kaɗan dan ya buɗe maƙogwaron, yaja numfashi da ƙarar nan, ya koma. Farkawar gajera ce sosai shi yasa da safe zai rantse miki bai tashi ba, kuma ba ƙarya yake ba. A wurinmu in tsayawar ta kai daƙiƙa 10 muna ƙirga ta. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ki lissafa mutumin da ake tasa sau 30 duk awa har gari ya waye, ina zai ga ƙarfin jin huɗuba?

Hawan jinin da yaƙi sauka ma yana da alaƙa da wannan. Duk zaburar nan jiki yana sakin sinadaran firgita, zuciya ta buga da sauri, jijiyoyin jini su matse, in ana haka kowane dare sai jinin ya zauna a sama har da rana. Duk wanda yake shan magani kala uku jini bai sauka ba, wannan ciwon yana cikin abin da muke fara nema. In an barshi yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da ciwon suga. Fitsarin dare kuma, jan da ƙirji ke yi da ƙarfi yana sa zuciya ta ɗauka ruwa yayi yawa a jiki sai ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta tara fitsari. Amma duk da haka a auna masa suga, kar mu ɗora wa abu ɗaya komai.

Kuma ba ciwon mutum ɗaya bane, wani babban nazari da aka buga a 2019 ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da shi a duniya, yawancinsu ba'a taɓa auna su ba.

Abu biyu nake roƙonki tun yau. Na farko ƙwayar kemis ɗin nan, ki duba sunanta, in diazepam ce wadda ake ce wa D5 ko danginta toh ita ce take ƙara tsawon shirun, dan tana ƙara sakin naman maƙogwaro kuma tana sa ƙwaƙwalwa ta yi nauyin tashinsa. Haka kodin da tiramol, su har cibiyar numfashin suke dannewa. In bai daɗe da farawa ba ya ajiye, in kuma ya kwana biyu yana sha kullum kar ya yanke lokaci ɗaya, ya kai wa likita a rage masa a hankali. Na biyu wanzami kar ya taɓa shi. Toshewar ba'a beli kaɗai take ba, yawanci can bayan harshe ne da bangon maƙogwaro, za'a yanke ya zubar da jini ga haɗarin ƙwayoyin cuta daga aska kuma numfashin ya cigaba da ɗaukewa. Mu kanmu a asibiti ba kowa ake yi wa aikin maƙogwaro ba sai an duba an ga inda matsalar take.

Shi kuma dannau da Malam Ɗan Kurmi ya kwatanta wani abu ne daban, kuma ya kwatanta shi daidai. Akwai matakin barci da ake yawan mafarki a cikinsa, idanu suna ta motsi a ƙarƙashin fatar ido, wasu masu bincike biyu Aserinsky da Kleitman suka gano shi a jami'ar Chicago a 1953. A wannan matakin ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi dan kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokacin sai hankali ya riga jiki farkawa, kana ji kana gani amma gaɓoɓin basu dawo ba tukuna, daƙiƙu ne ko minti kaɗan ya wuce, yafi zuwa wa mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine. Bambancin a fili yake, mai dannau ya san abin da ya same shi zai baki labari tiryan-tiryan, maigidanki kuwa bai san komai ba ke ce mai bada labarin.

Inda za ku je, asibitin koyarwa mafi kusa da ku, tunda Kano kuke ga na Malam Aminu Kano, ku nemi ɓangaren likitocin ƙirji da numfashi ko na kunne da hanci da maƙogwaro. A Kaduna ma akwai cibiyar kunne ta ƙasa da ke duba hanci da maƙogwaro. Kafin ku je ki ɗauki bidiyonsa da waya yana barci, minti biyu ko uku da zai nuna shirun da zaburar, wallahi yana taimaka mana fiye da dogon bayani kuma shi kansa in ya gani jikinsa zai yi sanyi. Cikakken gwajin shine mutum ya kwana da wayoyi a jikinsa ana auna numfashi da oksijin da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa, akwai kuma ƙaramar na'ura da ake bayarwa a kwana da ita a gida, likitan zai faɗa muku inda ake samu.

Tsohon Direba:

Salam. 'Yar uwa ki ji maganar Dokta, ni nan da kike gani irin ciwon ne da ni kuma tanka na ja shekara da shekaru kafin na ajiye. Bari in faɗa miki abin da mijinki ba zai faɗa miki ba, duk direban dogon zango ya san barcin nan na ido biyu, idonka a buɗe hannunka a sitiyari amma ka tafi, sai dai ka farga ka ga ka wuce wani gari baka san sanda ka wuce shi ba. Bama faɗa ne dan kar a ce ka tsufa a karɓe mota a ba yaronka. Mota tana gudun kilomita 80 a awa, kowace daƙiƙa ɗaya tana cin mita 22, in ka lumshe na daƙiƙa 4 ka tafi kusan mita 90 babu direba a ciki, da kaya tan talatin a bayanka, toh ina goro ina Nescafe anan? Ɗan Kurmi goro yana ɗan buɗe ido ba musu amma baya biyan bashin barci, kuma in ka ci shi da yamma shi zai hana ka samun na daren, gobe ka tashi a gajiye ka ƙara wani goron, haka muka yi ta zagaye. Masu haɗawa da tiramol kuwa Allah ya shirye su, da yawa mun binne su.

Ni na'ura aka bani, sunanta CPAP. 'Yar ƙarama ce ana ajiye ta gefen gado, da tiyo da wani abu kamar takunkumi da ake sawa a hanci, tana turo iska a hankali dan maƙogwaron ya zauna a buɗe. Ba oksijin bace, iskar ɗaki ce kawai take turowa da ɗan ƙarfi. Satin farko na tsane ta, ji nake kamar an ɗaure min fuska ga zafin garinmu, cikin dare sai in fizge in jefar, uwargida ta ɗauko ta mayar min. Da na saba kuwa, ranar da na fara kwana da ita har asuba na tashi naji kaina wasai kamar ba nawa ba, fitsarin dare ya ragu, likita ma daga baya ya rage min maganin jini.

Matsalarta biyu, kuɗi da wuta. Tana da tsada gaskiya dan daga waje ake kawowa, ni 'ya'yana ne suka haɗa suka saya min. Wuta kuma kin san halin da ake ciki, sai da na haɗa ƙaramin sola da batir, amma bata da ci sosai, in ka kashe wajen ɗumama ruwan bata kai fankar sama jan wuta ba. Akwai masu aiki da batirin mota ma in an samu wayar da ta dace, kenan ko a Tafa ko Ogere ya kwana zai iya sawa a cikin mota. Kar dai ku sayi ta hannu a kasuwa ku ce zaku saita da kanku, kowa da ƙarfin iskar da ya dace da shi.

Ummu Sadik:

Maman Walida Allah ya ba maigida lafiya. In kina da abokiyar zama ki tambaye ta ko tana ganin haka a ranar girkinta, ku haɗa baki ku faɗa masa tare, namiji in mace ɗaya ce ta faɗa sai yace mita ce amma in kun zama biyu zai tsaya. Hajiya kuma kar ki musa mata kai tsaye kin san halin iyaye, ki ce toh za'ayi tofin kuma za'a je asibiti, ai babu wanda ya hana haɗawa, azkar dama wajibinmu ne ko da lafiya.

Abin da na sani kuma kwanciya rigingine tana ƙara abin, ki riƙa juya shi gefe, dama kwanciya ta gefen dama ita ce sunna. Wata nas ta koya min a ɗinka ƙaramin aljihu a bayan rigar barci a sa ƙwallo a ciki, duk sanda ya juya rigingine zai ji ta tokare shi ya koma gefe. Sannan tuwon dare mai nauyi ana gamawa a kwanta, a rage.

Dokta dan Allah nima in saƙala tawa, ɗana mai shekara 5 yana minshari kamar babba, baki buɗe yake kwana kuma har yanzu yana fitsarin kwance, shima wannan ne?

Maman Walida:

Nagode sosai Allah ya saka da alheri, wallahi har naji wani nauyi ya sauka dan da na ɗauka ni kaɗai ke ganin abin. Na duba ƙwayar, diazepam ce kuwa Dokta, bai fi sati da farawa ba, na ɗauke na ɓoye. Ummu Sadik ni kaɗai ce a gidan amma zan sa babban yayansa ya masa magana dan yana jin nauyinsa. Baba Tsohon Direba abin da ka faɗa shine damuwar, motar ba tasa bace, tsoronsa kar mai motar yaji ance yana da ciwon barci ya karɓe makulli, da ita muke ci muke sha. Kuma jibi ma yana da lodi. Dokta in ya rage ƙiba abin zai tafi ko dole sai na'urar nan har ƙarshen rayuwa? Dan gaskiya kuɗinta a yanzu sai dai a hankali.

Likitan Ƙirji:

Ki faɗa masa ke kika ɗauke ƙwayar da dalilin ɗaukewar, kar yaje ya sayo wata a hanya baki sani ba, can ne ma tafi haɗari.

Maganar lodin jibi, ni a matsayina na likita bazan ce miki ya hau ba. Mutumin da ya riga ya sauka daga kwalta saboda barci bai kamata ya ja babbar mota ba sai an duba shi, bincike da yawa sun nuna masu wannan ciwon da ba'a yi musu magani ba haɗarin mota a wurinsu ya ninka na sauran mutane sau biyu ko fiye. Ya nemi hutun rashin lafiya, hawan jinin da yaƙi sauka ma kaɗai ya isa dalili kuma ba ƙarya yayi ba, ko a samu wani direban ya karɓi wannan tafiyar. Kuma ki kwantar masa da hankali, ciwon baya raba mutum da sana'arsa in ana magani. A Ingila doka ce direban da ke da shi mai tsanani har yana gyangyaɗi ya sanar da hukumar lasisi ya dakata, amma da zarar an shawo kan abin ana barinsa ya koma kan hanya, direbobin manyan motoci da yawa da na'urar suke kwana.

Rage ƙiba yana aiki sosai. Wani dogon bincike da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage yawan ɗaukewar numfashin da kusan kashi 26, kenan mai kilo 100 ya sauke 10. Wasu in sun rage da yawa abin yana sauka har a ajiye na'urar bayan an sake gwaji, wasu kuma ƙirar haɓarsu ce ko toshewar hanci, ko sun rame yana nan. Shi yasa gwajin ke da muhimmanci, in mai sauƙi ne ko matsakaici wataƙila kwanciyar gefe da rage ƙiba da gyara hanci su wadatar, akwai ma wani abu da likitan haƙori ke yi a sa a baki yana turo haɓar ƙasa gaba. In mai tsanani ne kuwa na'urar ce gaba, tun 1981 da wani likita Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostareliya har yau ba'a samu abin da ya fi ta aiki ba. Abincin hanya ne babban aikin, lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu da burodi da tsakar dare, daga nan zai fara. In yana shan sigari ya bari dan tana kumbura hanyar iskar. Maganin hawan jininsa kuma ya cigaba da sha kar ya tsaya.

Ummu Sadik naki yaron ki kai shi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro. A yara yawanci ba ƙiba bace, tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro da ake kira tonsil da wata a bayan hanci ne suke girma su tare hanya, kuma yana iya haɗuwa da fitsarin kwance da rashin maida hankali a makaranta, su yara maimakon gyangyaɗi sai ki ga ƙiriniya ta ƙaru. In likita ya ga sune, aikin cirewa ne a asibiti kuma yawancin yara suna samun sauƙi sosai bayansa. Shima ki ɗauki bidiyonsa yana barci ki tafi da shi, kuma ki daina yi masa faɗa akan fitsarin kafin a duba.